Florence Nightingale: 'Yar Masu Kuɗi Da Ta Ɗauki Buroshi Ta Mayar Da Jinya Ilimi



Akwai wata damina da na biyo tirelar shanun mahaifina daga kasuwar Iware, muka bi ta Wukari muka gangaro Kudu ni da wani baffana. Ko sati ba mu yi da sauka ba zazzaɓi da gudawa suka kayar da shi, har sai da aka ba shi gado a asibiti. Matarsa da 'ya'yansa suna can Taraba. Ni ne ƙarami a cikinmu, don haka ba a ma tsaya shawara ba aka ce ni ne mai jinya. Kwana tara na yi a gindin gadon nan, kuma wallahi ranar farko ban iya komai ba sai yi masa sannu. Wata nas dattijuwa, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ita ta zaunar da ni ta koya mini aiki: in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa shi da bayan na zubar da fo, in riƙa juya shi a kan gado, in ƙirga kofi nawa na ruwa ya sha da sau nawa ya zaga, in rubuta a takarda. Da na tambaye ta wa ya tsara abin haka dalla-dalla, sai ta ambaci sunan wata Baturiya da ta mutu tun 1910.

Tarihin matar nan na kawo muku yau. Mu da ke zaune nesa da gida, in ciwo ya kama ɗayanmu, galibi babu uwa ko mata a kusa. Aboki ne, ko yaron shago, ko ɗan ɗakin da kuke kwana tare zai zama mai jinya. Ko a asibiti ma kun san yadda abin yake, wanka da ciyarwa da zubar da fo yawanci a kan 'yan uwa suke faɗawa. To tunda aikin namu ne ko mun so ko mun ƙi, gara mu san inda iliminsa ya samo tsari.

Gidan da ba a rasa komai ba

An haifi Florence Nightingale ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta suke yawon buɗe ido, shi ya sa aka sa mata sunan garin. Mahaifinta William attajiri ne ɗan Ingila mai manyan gidaje biyu, ɗaya a Lea Hurst ɗaya a Embley. Su biyu ne kawai a wurin iyayensu, ita da yayarta Parthenope. Uban da kansa ya koyar da su a gida: tarihi, falsafa, harsunan Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Latin da Girkanci. Ita Florence kuma sai ta ƙwallafa rai a kan lissafi, abin da ba a saba ganin 'ya mace ta nema ba a lokacin.

Abin da ake jira daga yarinya irinta bai wuce ta yi ado, ta je biki, ta auri mai kuɗi ba. Amma a watan Fabrairun 1837, tana da shekara 16, ta ji a ranta cewa Allah ya kira ta ga wani aiki, ko da yake ta ɗauki shekaru kafin ta gane wane aiki ne. Kirista ce, kuma wannan imani nata shi ya riƙe ta har ƙarshen rayuwarta. Tana ta shiga bukkokin talakawan da ke kusa da gidajensu tana duba marasa lafiya, a nan ta lura da wani abu: tausayi yana da yawa a gari, amma wanda ya san abin da zai yi wa mara lafiya da hannunsa ba shi da yawa.

A 1845 ta nemi izinin iyayenta ta je asibitin Salisbury ta koyi jinya na 'yan watanni. Gidan ya kama da wuta. Don ku gane dalili, asibiti a Ingila ta wancan zamani wurin talaka ne, mai ƙazanta da wari, masu hali a gida ake jinyarsu. Matan da ke aikin jinya kuma ba a horar da su, ana yi musu kallon mashaya marasa kamun kai. Uwarta da yayarta suka ce atafau ba za ta zubar musu da mutunci ba. Kun ga ke nan maganar da ake yi wa yarinyar da ta ce za ta karanta nas a wasu gidajenmu ba yau aka fara ta ba.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma haƙura ba. Takan tashi da asuba ta karanta rahotannin gwamnati a kan asibitoci da tsaftar gari a ɓoye, tana kwafe alƙaluma. Wani mutum mai suna Richard Monckton Milnes ya daɗe yana neman aurenta, ita ma tana son sa, amma a 1849 ta ce masa a'a, don ta san aure irin na masu kuɗin lokacin zai rufe mata ƙofar aikin. Ta yi tafiya zuwa Masar, ta bi kogin Nilu. Sai a 1851, tana da shekara 31, ta samu ta je Kaiserswerth a ƙasar Jamus, inda wani limamin coci mai suna Theodor Fliedner ya kafa gidan horar da mata masu hidimar marasa lafiya, ta yi 'yan watanni tana aiki da hannunta.

A 1853 mahaifinta ya yanka mata fam 500 duk shekara, ta samu 'yancin kanta. A shekarar ta zama shugabar wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley da ke Landan. Abubuwan da ta fara yi a can za su nuna muku irin tunaninta. Ta sa an ja bututun ruwan zafi zuwa kowane hawa, an kafa na'urar ɗaga abinci daga kicin, an sa ƙararrawar da za ta nuna wane ɗaki ne ake kira, duk don kada ƙarfin mai jinya ya ƙare a hawa da sauka. Ta kuma dage sai an karɓi mara lafiya ba tare da duba ɗarikarta ba.

Barikin Scutari

A watan Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi a gefen Daular Usmaniyya ta Turkiyya, suna yaƙar Rasha. Fagen fama shi ne yankin Kirimiya da ke bakin tekun Bahar Aswad. Sojan Ingila da ya ji rauni ko ya kamu da cuta, sai a loda shi a jirgin ruwa a ƙetare teku da shi, tafiyar kusan mil 300, zuwa Scutari da ke tsallaken birnin Istanbul, inda aka mayar da wani ƙaton barikin sojan Turkiyya asibiti. Wakilan jaridar The Times suka riƙa aiko da labarin yadda sojoji ke mutuwa babu mai kula da su, hankalin mutanen Ingila ya tashi. Ministan da ke kula da harkar kuɗi da tanadin sojoji, Sidney Herbert, wanda ya san Florence tun da can, ya roƙe ta ta jagoranci mata zuwa wurin.

Ta tashi ranar 21 ga Oktoba, 1854, da mata 38, suka isa a farkon Nuwamba. Likitocin soja ba su yi maraba da su ba. Florence ta hana matanta shiga ɗakunan marasa lafiya sai likita ya nema, suka zauna suna ɗinki da harhaɗa kaya. Ba a jima ba aka fara sauke ɗaruruwan waɗanda suka ji rauni a gumurzun Inkerman, aiki ya fi ƙarfin kowa, dole aka kira su.

Abin da ta tarar ba ya faɗuwa. Mutane kwance a jere, layin shimfiɗunsu in an haɗa ya kai kusan mil huɗu. Da yawa suna cikin rigar da suka yi yaƙi da ita, jini da kashi sun bushe a jiki, ƙwarƙwata ta cika su. Ɓeraye suna yawo. Manyan bahunan da ake bayan gida a ciki suna nan a tsakiyar ɗaki ba mai zubarwa. Abinci kuwa nama ne da aka dafa rabi da rabi, a miƙa wa mutumin da ko ruwa ba ya zama a cikinsa.

Ba da magani ta fara ba, don wannan aikin likita ne. Buroshin goge ƙasa 200 ta sa aka sayo. Ta kama hayar wani gida ta mayar da shi wurin wanki da tukunyar tafasa ruwa, ta ɗauki matan sojoji aiki suna wanke riguna da zannuwan gado. Ta buɗe kicin na musamman inda ake yin romo da kunu da abinci mai laushi ga wanda ba ya iya tauna. Da kuɗin da masu karanta The Times suka tara da nata na aljihu ta sayo riguna da safa da cokula da tawul da sabulu a kasuwannin Istanbul, saboda kayan gwamnati sukan maƙale a sito ana jiran sa hannu. Daga baya wani shahararren kuku Bafaranshe, Alexis Soyer, ya zo ya gyara tsarin girkin gaba ɗaya.

Da dare, bayan kowa ya kwanta, takan ɗauki fitilar Turkawa ta zaga ɗakunan tana duba mutane ɗaya bayan ɗaya. Daga nan laƙabin mai fitila ya bi ta har yau. Wanda ya mutu, takan rubuta wa uwarsa ko matarsa wasiƙa ta gaya musu yadda ya cika. Ta buɗe wa masu samun sauƙi ɗakin karatu, ta kuma buɗe musu hanyar tura albashinsu gida maimakon ya ƙare a mashaya. Wanda ya taɓa zaman ci-rani ya san darajar waɗannan biyun, a sanar da gida halin da kake ciki, kuma kuɗinka ya isa hannun iyali.

Ba ita kaɗai ce macen da ta yi hidima a yaƙin ba. Mary Seacole, baƙar fata 'yar Jamaika wadda ta gaji sanin magani daga uwarta, ta nemi a tura ta cikin masu jinya ba a ɗauke ta ba, sai ta kai kanta da kuɗinta ta kafa masauki kusa da Balaklava tana ciyar da sojoji tana yi musu magani. Ita ma tarihinta abin a ba shi rana ne.

Abin da lissafi ya tona

Ga inda labarin ya fi amfani, kuma nan ne masu ba da shi suka fi tsallakewa. Duk da wanki da romo da zagayen dare, mutuwa ba ta ragu ba a watannin farko. Ƙaruwa ma ta yi. A hunturun farko sojoji 4,077 suka mutu a Scutari, kuma mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba. Kwalara ce, da atini, da taifot, da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. A watan Fabrairun 1855, cikin kowane mutum 100 da aka yi jinya, kusan 42 ne suke mutuwa.

A watan Maris gwamnati ta turo kwamitin tsafta, cikinsu akwai likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka gano ginin yana zaune ne a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, iska tana kwaso warin tana shigar da shi ɗakunan marasa lafiya. A hanyar ruwan da ake sha suka tarar da mushen doki. Aka wanke magudanan, aka kwashe mushe da shara, aka huda wuraren shigar iska, aka shafe bango da farar ƙasa, aka rage cunkoso. Sanyi ma ya wuce, kayan abinci suka fara isowa. Kafin ƙarshen Yuni mutuwa ta sauko zuwa kusan mutum 2 cikin 100.

A watan Mayun shekarar ta ƙetara Kirimiya duba asibitocin can, zazzaɓi mai tsanani ya kama ta har aka fitar da rai. Masana da yawa a yau suna ganin cutar da ake ɗauka daga ɗanyar madarar da ba a tafasa ba ce, wadda makiyayanmu ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari. Mu 'ya'yan masu shanu sai mu riƙe wannan, a tafasa madara kafin a sha. Ta tashi, ta ƙi komawa gida sai da yaƙi ya ƙare marasa lafiya suka watse. Ta isa Ingila a watan Agustan 1856 da sunan aro, don ba ta son taron tarba.

Wata da ta samu irin sunan da ta samu sai ta zauna ta ci yabo. Ita kuwa sai ta koma kan alƙaluma tare da wani masanin ƙididdiga, William Farr, tana son sanin abin da ya kashe mutanen da suka mutu a hannunta. Amsar ta yi ɗaci. Cikin sojojin Ingila da suka mutu a yaƙin, kimanin 16,000 cuta ce ta kashe su, waɗanda suka mutu a fagen fama ko saboda rauni kuwa ba su kai 5,000 ba. Asibitin da ta yi aiki a ciki shi kansa yana cikin abin da ya kashe su kafin a gyara shi. Ba ta ɓoye wannan ba. Ta gana da Sarauniya Biktoriya, ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar sojoji a 1857. Don manya su gane ba tare da dogon karatu ba, ta yi wani zane kamar faifai da aka yanka gida 12, kowane yanki wata guda, shuɗi na mutuwar cutar da za a iya kaucewa, ja na rauni, baƙi na sauran dalilai. Duk wanda ya kalla zai ga shuɗin ya cinye zanen. A 1858 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, ita ce mace ta farko a cikinsu.

Wani abin lura, a lokacin ba a tabbatar da maganar ƙwayoyin cuta ba tukuna. Ita ma, kamar yawancin likitocin zamaninta, ta ɗauka gurɓatacciyar iska da wari ne ke haifar da cuta, sai daga baya ta karɓi sabon bayanin. Dalilin nata bai cika daidai ba, amma aikin da ta sa a yi, wato wanki da share magudana da tsabtace ruwa, shi ne dai ke kawar da ƙwayoyin.

Littafin masu jinya a gida

A ƙarshen 1859 ta kammala wani ɗan littafi mai suna Notes on Nursing. Ba don ma'aikatan asibiti ta rubuta shi ba, don mutanen gida ne waɗanda lafiyar wani ta rataya a wuyansu, wato irinmu. A 1861 ta fitar da bugu mai araha don talakawa, ta ƙara babi a kan renon jariri. Bari in kawo muku manyan darussan a taƙaice yadda na fahimce su, in haɗa da halin da muke ciki.

Na farko iska. Ɗakin mara lafiya yana son iska mai kyau ta riƙa shiga, amma kada sanyi ya kama shi, musamman gab da asuba lokacin da jikin mai rauni ke yin sanyi, a taɓa ƙafafunsa a lulluɓe shi. Mu da muke kwana mutum shida ko takwas a ɗaki ɗaya, a rufe taga, a kunna maganin sauro, ga janareto a bakin ƙofa, wannan darasi namu ne. Hayaƙin janareto ko na gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mai lafiya ma, balle mara lafiya.

Na biyu tsafta. Mai jinya ya riƙa wanke hannu a kai a kai. Kada a bar fo a ƙarƙashin gado, a rufe shi, a fitar nan take, a wanke. A goge wa mara lafiya jiki, a sauya masa tufafi da zanen gado in sun jiƙe, a shanya shimfiɗa. Tana ganin in gyambo ya fito wa mutum a baya ko a ƙugu saboda doguwar kwanciya, yawanci sakacin jinya ne. Shi ya sa a yau ake koyar da cewa wanda ba ya iya motsawa da kansa a juya shi duk bayan kamar awa biyu.

Na uku abinci da ruwa. Wanda ba ya iya shan kofi guda a zama ɗaya, a ba shi cokali-cokali a kai a kai. Kada a ajiye masa kwanon da ya kasa ci a gefensa yini guda, ganinsa ma yana kashe sha'awar ci. Kuma mai jinya ya san iya abin da ya shiga cikinsa, ba iya abin da aka kawo masa ba. Mai gudawa abin da ya fi saurin kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, shi ya sa a zamaninmu ake da ƙunshin gishiri da sukari na kemis, a zuba a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa ba shi, ana kuma neman asibiti.

Na huɗu surutu da 'yan dubiya. Ta hana tayar da mara lafiya daga barci, ta hana raɗa a bakin ƙofarsa, don zai ɗauka maganar mutuwarsa ake yi. Mai yi masa magana ya zauna inda zai gan shi, kada ya jingina da gadon yana girgiza shi. Ta kuma yi dogon gargaɗi a kan masu zuwa da shawara. Dubiya sunna ce kuma zumunci ne, ba mai hana ta. Amma kun san halinmu, mutum goma za su cika ɗaki, wannan ya ce a jiƙa saiwa kaza, wancan ya ce a bar maganin asibiti, wani ya kawo labarin wanda irin ciwon ya kashe. A gaisa, a yi addu'a, a taƙaita.

Na biyar, wanda ta ɗauka ya fi kowanne, shi ne lura. Mai jinya shi ne idon likita a sa'o'in da likita ba ya nan. Cewa da sauƙi ba bayani ba ne. Awa nawa ya yi barci, sau nawa ya yi amai, yaushe zazzaɓin ya tashi, fitsarinsa ya ragu ko launinsa ya sauya, numfashinsa ya ƙara sauri? Ma'aikatan jinya na yau suna auna waɗannan da lamba: zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37, bugun zuciyar babban mutum a zaune 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20. Agogon waya da biro da takarda sun isa ka fara. Ta kuma ce gwanin mai jinya shi ne wanda ya tsara yadda aiki zai ci gaba in ya fita, wato in za ka tafi masallaci ko kasuwa, ka bar wani ka gaya masa abin da zai yi da lokacin da zai yi.

Makaranta, da hanyar da ta iso Ibadan

Mutanen Ingila sun tara mata gudummawar kusan fam 45,000 saboda aikin Scutari. Da kuɗin ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a watan Yulin 1860, da ɗalibai 15. Ana koya musu a aji da kuma a gefen gado, ana rubuta halin kowace da ƙwazonta. Waɗanda suka gama suka bazu suna kafa irinta a wasu asibitoci da wasu ƙasashe. Ɗaya daga cikinsu, Agnes Jones, ta tafi asibitin gidan gajiyayyu na Liverpool a 1865 ta gyara shi, cutar da take jinya ta kama ta ta mutu a 1868.

Makarantar nan ce wata 'yar Legas, Kofoworola Abeni Pratt, ta shiga a 1946 ta gama a 1950. Ta dawo Najeriya a 1954 ta kama aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, a 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinyarsa, daga nan ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa, sannan kwamishinar lafiya ta jihar Legas daga 1973 zuwa 1975. 'Yan uwanmu na Sabon Ibadan da ke zuwa asibitin nan, ga yadda igiyar ta haɗu da ku.

Ita Florence, tun daga 1857 ciwon da ta kwaso a Kirimiya ya riƙa kwantar da ita, ta yi shekaru masu yawa ba ta cika fita daga ɗaki ba. Daga kan gado ta rubuta dubban wasiƙu da rahotanni a kan fasalin ginin asibiti, da ruwan sha da magudanai a Indiya, da jinyar talakawa a gidajensu. Ba mace ce mai sauƙin zama da ita ba. Tana da kaifin harshe, tana matsa wa masu taimaka mata aiki ko da su ma ba su da lafiya, kuma ba ta cika yafe sakaci ba. A 1907 aka ba ta lambar girma ta Order of Merit, mace ta farko da ta samu. Ta mutu a gidanta na Landan ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. An yi tayin binne ta a Westminster inda ake binne manyan ƙasar, danginta suka ƙi bisa ga wasiyyarta ta kada a yi shagali, aka kai ta maƙabartar ƙauyen East Wellow kusa da iyayenta. A kan dutsen kabarin haruffan farko na sunanta ne da lokacin haihuwa da mutuwa. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya.

Mu kuma fa?

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. Sama da shekara 1,200 kafin Scutari, Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni. Da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, a tantinta Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da shi don ya riƙa duba shi daga kusa. Aikin yana da asali a wurinmu. Abin da Florence ta ƙara shi ne tsari da makaranta da lissafi.

Ina da roƙo biyu ga shugabannin zango da sarakunan Hausawa da iyayenmu. Na farko, kowace unguwa da kowace kara a samu matasa ko da biyu ne da za a haɗa da wani ma'aikacin lafiya ya koya musu waɗannan abubuwa na farko, don ranar da wani ya faɗi kada a tsaya kallon juna. A kuma dubi rijiya da kwata da masai na unguwa, tunda mun ji abin da toshewar magudana ta yi wa sojoji dubbai. Rigakafi ya fi magani. Na biyu, yarinya ko yaron da ya nuna sha'awar karatun jinya a taimaka masa. Ana neman kiredit biyar ne, Turanci da lissafi da fizik da kemistare da bayoloji, kuma makarantun suna nan a Kudu da Arewa, har Jalingo akwai kwalejin jinya da unguwarzoma. Duk wanda ya taɓa raka matarsa ko mahaifiyarsa asibiti a nan, ta kasa faɗin inda ke mata ciwo saboda babu mai jin Hausa, ya san abin da nas ɗaya tamu za ta yi mana.

Baffana ya tashi, Alhamdulillahi, har ya koma bin shanu. Takardar da na riƙa rubuta kofunan ruwansa tana nan a jakata ban yar ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.